Darasin Wannan Mako: Yadda Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Yake Lalata Titunan Kwalta

Kusan dukkan kayan da ake saye da sayarwa a Nijeriya a kan titin mota suke tafiya. Man fetur da takin zamani da siminti, da shanu da albasa da tumatir da ake gangarawa da su kudu, da goro da manja da ake haurowa da su arewa, duk a bayan manyan motoci ake ɗaukarsu. Don haka lafiyar titi tana da hannu a farashin kowane buhu da ya isa kasuwa. Kimanin kilomita 35,000 na hanyoyin ƙasar nan ne ke hannun Gwamnatin Tarayya, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan wannan dako.

Abin da aka saba gani shi ne, titin da aka tsara domin ya yi shekara 20 yana aiki, kafin damina uku ko huɗu ta wuce ya fara tsattsagewa, ya lotsa, ramuka su bayyana. Jama'a kan ɗora laifin a kan rashin kaurin kwalta, ko kuwa a kan nauyin tireloli. Kowanne yana da nasa kason. Amma a wurare da yawa asalin cutar ba a sama take ba, tana can ƙasa inda ido ba ya gani, wato ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin titi. Wannan darasi zai bayyana yadda ruwan ke shiga, da irin ɓarnar da yake yi, da abin da hakan ke jawo wa baitulmali da 'yan kasuwa.

Abin da ke ɗauke da mota

Titin kwalta hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai ƙasar asali, wadda aka share aka daɓe. A kanta akan zuba ciko na burji, a daɓe shi da rola. A kan cikon akan shimfiɗa daɓen fasasshen dutse, ko burji mai kyau da aka gauraya da siminti. Daga nan sai baƙar shimfiɗar da kowa ke gani, wadda kaurinta bai cika wuce santimita 10 ba. Ita kanta wannan shimfiɗa tsakuwa ce da yashi da garin dutse, kwaltar da ke cikinta kuwa kashi 5 zuwa 6 ne kacal bisa 100 na nauyinta, aikinta shi ne ta manne duwatsun wuri ɗaya.

Kowane hawa yana karɓar nauyin taya ya baza shi, ya miƙa wa na ƙasa da shi, har nauyin ya isa ƙasar asali ya riga ya yi sauƙi. Ke nan a ƙarshe ƙasar asali ce ke ɗaukar mota, baƙar shimfiɗa kuwa rufi ce. Wannan ba sabon ilmi ba ne. John McAdam, mutumin Sikotlan wanda ya rayu daga 1756 zuwa 1836, wanda kuma tsarinsa na gina hanya da fasasshen dutse ya bazu a duniya, a kan wannan ra'ayi ya kafa aikinsa: ƙasa ita ke ɗaukar kaya, kuma za ta ɗauka muddin tana bushe. Shi ya sa ya nace a ɗaga hanya sama da filin da ke kewaye da ita, a yi mata magudanai.

Ta ina ruwan ke shigowa

Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya san akwai zurfin da ruwa ke tsayawa a cikin ƙasa, kuma wannan mataki yakan hau da damina ya sauka da rani. A tudun ƙasar Hausa yakan yi nisan mita da yawa. A fadama kuwa, da bakin teku kamar Legas da yankin Neja-Delta, yakan zo dab da doron ƙasa, wani lokaci ma ya fito fili. Idan matakin ruwan ya hau har ya taɓa cikon titi, to titin yana zaune ne a cikin ruwa, ko da samansa a bushe yake ƙarau. Wannan ita ce hanya ta farko.

Hanya ta biyu ita ce tsotso. Kamar yadda lagwani ke jan kananzir zuwa bakin fitila, ko yadda rima ke hawa bangon ɗaki, haka ƙasa mai laushi ke jan ruwa sama ta ƙananan kafofinta. A cikin tsakuwa ruwan ba ya hawa fiye da 'yan santimita. A cikin yashi mai laushi yakan kusa mita ɗaya. A cikin laka da yumɓu kuwa yana iya hawa mita biyu ko fiye, sannu a hankali. Wani abin lura shi ne, a fili rana da iska kan busar da wannan danshi, amma kwalta ta rufe ƙasa kamar murfin tukunya, don haka danshin ke taruwa a ƙarƙashinta ba ya samun mafita.

Hanya ta uku ita ce inda aka yanka tudu domin titi ya wuce. Ruwan da ke bin cikin tudun yakan tarar an datse masa hanya, sai ya ɓuɓɓugo a gindin yankan, ya bi ƙarƙashin titi. Shi ya sa matafiyi zai ga wuri ɗaya a gangaren tudu yana lalacewa kowace shekara, alhali gaba da bayansa lafiya lau.

Hanya ta huɗu ta gefe ce. Lambatun da ya cika da yashi da leda, da kwalbatin da ya toshe, da bututun famfo da ya fashe a cikin gari, duk sukan mayar da gefen titi tafki, ruwan ya riƙa ratsawa ciki dare da rana. Ta biyar kuwa daga sama take, ta tsagar kwalta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan idan ba a daɓe kwalta sosai ba, har kafofin iska da ke cikinta suka haura kashi 8 bisa 100, sai kafofin su haɗe da juna, ruwan sama ya riƙa zurarewa ta cikinsu.

Irin ɓarnar da yake yi

Ɓarna ta farko ita ce raunana ƙasa. Burji ko yumɓu da aka daɓe yana da tauri kamar bulo idan yana bushe, domin ƙwayoyinsa sun cije juna. Da zarar ruwa ya cika kafofinsa sai cizon ya saki. Injiniyoyi na auna wannan da gwajin da ake kira CBR, wanda aka ƙirƙiro a jihar Kalifoniya ta Amurka wajen 1929. Akan danna wani ƙarfe a cikin daɓaɓɓiyar ƙasa, a kwatanta ƙarfin da ta nuna da na fasasshen dutse mai kyau, wanda aka ba maki 100. Ƙa'idojin aikin hanya na Gwamnatin Tarayya na 1997 sun nemi maki 80 ga daɓen sama, da maki 30 ga ciko bayan an jiƙa shi. Dalilin jiƙawar shi ne, ƙasa mai yumɓu da yawa kan nuna ƙarfi a bushe, amma bayan ta sha ruwa sai makinta ya faɗi ƙasa da rabi. Ma'ana, titin da aka gina aka ƙaddamar da rani ba a san gaskiyarsa ba sai watan Agusta.

Ɓarna ta biyu ita ce tunkuɗo laka. Ruwa ba ya matsuwa. Idan tayar tirela ta hau wurin da cikinsa ke cike da ruwa, sai ruwan ya nemi mafita da ƙarfi, ya fito ta tsaga ɗauke da garin ƙasa. Taya na wucewa sai wurin ya sake zuƙar ruwa. Mota dubu ta wuce, hakan ya auku sau dubbai, har a wayi gari an yashe cikin titi, kogo ya samu a ƙarƙashin kwalta. Alamar wannan ita ce jan tabo ko fari da ake gani a bakin tsaga bayan an ɗauke ruwa.

Ɓarna ta uku ita ce raba kwalta da dutse. Yawancin tsakuwar da ake fasawa a ƙasar nan ta dutsen giranait ce, irinsa kuwa ya fi son ruwa a kan kwalta. Idan danshi ya daɗe a cikin shimfiɗa, sai ya kutsa tsakanin dutse da kwaltar da ke lulluɓe da shi, ya saɓule ta kamar yadda ake saɓule riga. Wannan cuta daga ƙasan shimfiɗa take farawa ta hauro, saboda haka kafin a gan ta a sama ta riga ta ci ciki. A ƙarshe tsakuwa ta riƙa warwatsewa a ƙarƙashin taya.

Ɓarna ta huɗu ta shafi ƙasar da ke kumbura. Baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Chadi, wadda Barebari ke kira firgi, da makamanciyarta a kwarin Binuwai da Gongola, takan kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare in ta bushe. Tun da gefen titi ya fi tsakiyarsa saurin jiƙa da bushewa, sai gefen ya riƙa hawa da sauka kowace shekara, dogayen tsagu su bi tsawon hanya, ko da motoci ba su da yawa.

Waɗannan cututtuka tare suke aiki, kuma matakan lalacewar sanannu ne. Da farko gurbin taya zai lotsa, ruwa ya riƙa kwanciya a ciki. Sai kwalta ta gaji da lanƙwasa, ta tsattsage kamar fatar kada. Sai gutsure ɗaya ya ɓalle, rami ya samu. Ramin kuwa ya zama mazurarin da ke ɗura wa cikin titi ruwa, ɓarnar ta ninka.

Idan nauyi ya haɗu da ruwa

A gwajin hanyoyi da aka gudanar a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an gano cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi ba daidai da nauyinta take ƙaruwa ba, ta fi haka nesa. Gatarin mota, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, idan nauyin da ke kansa ya tashi daga tan 8 zuwa tan 16, ɓarnarsa ba sau 2 za ta ninka ba, kusan sau 16 ne. Iyakar da ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita ga gatari ɗaya mai jan mota ita ce tan 11.5. Wanda ya yi masa lodin tan 15, ɓarnarsa ta kusa ninki uku.

Wani injiniya Ba'amurke, Harry Cedergren, wanda ya wallafa littafi a kan magudanan hanyoyi a 1974, ya nuna abin da ke faruwa idan wannan nauyi ya hau jiƙaƙƙen titi. A ɗauka mota na yi wa titi mai ruwa a ciki ɓarna sau 10 fiye da busasshe. Idan titin ya kasance jiƙe kwana 10 cikin kowane kwana 100, ɓarnar waɗannan kwanaki goma ta zarce ta sauran kwana 90 gaba ɗaya, rayuwar titin ta ragu zuwa kusan rabi. Saboda wannan ne jagoran tsara hanyoyi na Amurka na 1993 yake auna magudana da lokacin da ruwa ke ɗauka kafin ya fita daga cikin titi: awa 2 shi ne mafi kyau, kwana ɗaya mai kyau ne, mako ɗaya dama-dama, wata ɗaya kuwa mummuna.

Misali daga Neja-Delta

Babbar hanyar nan da ake kira Gabas-Yamma, wadda ta tashi daga Warri ta bi ta Fatakwal zuwa Oron, tsawon kilomita 338, ta isa misali. Ta ratsa jihohin Delta da Bayelsa da Ribas da Akwa Ibom, inda ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara, wato fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, damina kuma takan ɗauki wata takwas ko fiye. Wani dogon ɓangare na hanyar a kan dausayi yake, ƙasar laka ce mai taushi da ruɓaɓɓen itace, ruwa kuma yana dab da doron ƙasa. A irin wannan wuri babu ƙasar asali da za a dogara da ita. Sai an kwashe lakar ko an matse ruwan da ke cikinta, an yi ciko da yashin da aka yaso daga kogi, an ɗaga hanya sama, an kuma yawaita gadoji da kwalbatoci domin kada hanyar ta zama madatsa. A 2006 aka ba da kwangilar mayar da ita tagwayen hanya, aikin kuma ya ɗauki shekaru masu yawa fiye da yadda aka tsara.

Ambaliyar 2012 ta shafe sassan hanyar. Ta watan Oktoban 2022 kuwa ta yanke ta a yankin Ahoada na jihar Ribas da kuma wajen Patani a jihar Delta, har Yenagoa ta zama ba shiga ba fita ta mota, farashin abinci da na man fetur suka yi tashin gwauron zabo. A wannan wata ne kuma ruwa ya rufe hanyar Lakwaja zuwa Abuja a Koton Karfe, tankokin mai suka maƙale, layukan mai suka bayyana a Abuja. Abin da darasin nan ke son a lura da shi shi ne abin da ke biyo bayan janyewar ambaliya. Saman titi kan bushe cikin kwana ɗaya, amma cikinsa kan yi makonni yana jiƙe. A daidai lokacin ne kuma ɗaruruwan manyan motocin da suka taru ke aukawa kansa gaba ɗaya. Wato nauyi mafi yawa yana hawa titi a ranar da ya fi rauni.

Ɓangaren Eleme zuwa Onne, mai kimanin kilomita 15, shi ne mashigar matatar mai ta Fatakwal da masana'antun takin zamani da tashar jiragen ruwa ta Onne. Lalacewarsa ta kai matasan yankin suka tare hanyar na kwanaki a watan Yulin 2021. Takin yuriya da ke fitowa daga nan har gonakin arewa yake zuwa, don haka jinkirin da aka samu a Eleme manomin Funtuwa ma yana biyan kasonsa.

Maganin da aka sani

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Na farko, a binciki ƙasa kafin a zana hanya, a auna matakin ruwa a ƙarshen damina, ba da rani ba. Rijiyoyin ƙauyukan da ke kan hanya ma shaida ne. Na biyu, a ɗaga gindin titi kimanin mita ɗaya sama da iyakar da ruwan ƙasa ke kaiwa. Inda hakan bai yiwu ba, a haƙa dogon rami a gefe, a binne bututu mai huje-huje a cikin tsakuwa, a naɗe da ƙyallen roba mai tace laka, domin ya janye ruwan ƙasa zuwa gangare. Na uku, a sa shimfiɗar yashi mai kaushi ko tsakuwa tsakanin laka da ciko, ita ce ke yanke tsotso. Na huɗu, a ba titi doro, tsakiya ta ɗara gefe da kimanin santimita 2.5 a kowace mita, a kuma shafe gefunansa da kwalta. Na biyar, a gauraya ɗan gasasshen garin farar ƙasa ko siminti a cikin kwaɓin kwalta, kimanin kashi 1 zuwa 2 bisa 100, domin ta riƙe dutse. Na ƙarshe, wanda ya fi duka araha, a yashe lambatu da kwalbati kafin damina, a liƙe tsaga tun tana ƙarama.

A shekarun baya-bayan nan an karkata ga titin kankare. An yi shi a titin Wharf na Apapa, da hanyar Obajana zuwa Kabba mai kilomita 43, kuma daga 2023 Ministan Ayyuka David Umahi ya mayar da shi ginshiƙin manufofin ma'aikatarsa. Kankare ya fi kwalta jure jiƙa da nauyi, simintinsa kuma a gida ake yi, alhali mafi yawan kwalta daga waje ake sayo ta da kuɗin musaya, duk da ɗimbin ɗanyenta da ke kwance a jihohin Ondo da Ogun da Edo. Amma shi ma a kan ƙasa yake zaune. Idan ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, laka kan fito ta mahaɗar faifansa, faifan ya rasa madogara ya karye, gyaransa kuma ya fi na kwalta tsada.

Lissafin riba da asara

A 1988 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45 cikin shekara 20, asarar da dala biliyan 12 na gyaran rigakafi za su iya hanawa. Wani nazarin bankin na tsakiyar shekarun 1990 ya nuna duk dala ɗaya da aka ƙi kashewa a kan gyaran hanya, masu motoci kan biya dala 2 zuwa 3 a madadinta. Kuɗin kan tafi ga taya da sifirin da shokazoba da ƙarin man gas, da kwanakin da direba ke ɓatawa a hanya, da tumatirin da ke ruɓewa kafin ya isa kasuwar Mile 12 a Legas. Mai mota ba ya haɗiye wannan asara, yakan ɗora ta a kan kuɗin dako, daga nan ta sauka a kan mai saye.

A 2002 aka kafa Hukumar Kula da Gyaran Hanyoyin Tarayya, wato FERMA. Gyaran da aka yi wa dokarta a 2007 ya tanadi kashi 5 bisa 100 na kuɗin fetur da man gas domin gyaran hanyoyi, kashi 40 na abin da aka tara ga hukumar, kashi 60 ga jihohi, amma shekaru suka shuɗe ba a aiwatar da tanadin ba. Inda kuɗin gyara ya yi ƙaranci, abin da ake fara yankewa shi ne aikin da ba a gani, wato magudana, a koma facin rami wanda kowa ke gani. Facin da aka yi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa damina ɗaya yake yi.

Saboda haka, ga masu tsara kasafin kuɗi, da 'yan majalisar da ke duba ayyuka, da ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa, akwai tambayoyi uku da suka fi tambayar kaurin kwalta muhimmanci a duk lokacin da aka ba da kwangilar hanya. A wane zurfi ruwan ƙasa yake tsayawa a watan Satumba? Ta ina ruwan da ya shiga cikin titin zai fita, kuma cikin kwana nawa? Wa zai yashe magudanan bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, kuma daga wane asusu za a biya shi? Kwangilar da ba ta amsa waɗannan ba, akwai yiwuwar a sake ba da ita kafin a gama biyan bashin da aka ci domin ta.